Iska ta kayar da anten guda, Ali Ɗan Sofo ta kwana babu rezo: in sa RIP, in sa OSPF, ko in ci gaba da rubuta hanya da hannu?

Mai Wifi na Zariya:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Ina da wifi zon a wuri uku cikin garin nan. Babban yana gidana a Zariya, nan layin intanet ke shigowa. Na biyu yana Ali Ɗan Sofo, na uku bisa rufin wani shago kusa da babbar kasuwa. Kowane wuri da ruta guda ƙirar kamfanin MikroTik, wato na'urar da ke zaɓa wa saƙon intanet hanyar da zai bi, kuma anten ta haɗa su ukun kamar duwatsun murhu, kowa na ganin sauran biyun.

Daren Talata iskar da ta riga ruwa ta lanƙwasa ƙarfen anten ɗin Zariya da ke kallon Ali Ɗan Sofo. Ni kuwa ina Tasawa wajen suna. Tun isha'i waya ke kuka, yara sun sayi tiken dala ashirin don kallon ƙwallo, ba su ga komi ba. Sai da na dawo da hantsi na hau rufi na gyara.

Abin da ya ɗaure mini kai: anten ɗin da ke tsakanin Ali Ɗan Sofo da kasuwa lafiyarta lau, ta kasuwa zuwa Zariya ma haka. Mi ya hana rutar zagayawa ta kasuwa? Ai don irin wannan rana na kashe kuɗin anten ta uku.

Bagobirin Tsibiri:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kai ka rubuta ma ta hanya da hannunka ko? Ka ce ma ta duk abin da za shi waje ta miƙa shi Zariya. To shi ta yi. Ruta ba ta da dabarar kanta, abin da anka ce ma ta shi take yi har ranar da kuran ya ƙone ta.

Kuma ga abin da ke ruɗa mutane. Rutar ba iska take kallo ba, wayar da ta tashi daga gare ta zuwa gindin anten take kallo. Anten ɗinka na Ali Ɗan Sofo na tsaye, akwai wuta cikinta, fitilar ƙofa na kore. A ganin rutar hanya na nan. Ta kwana tana zuba kaya cikin rijiya.

Magani ba shi da tsada. Ƙara hanya ta biyu ta kasuwa, ka ba ta nisa 2, ta farko ta zauna bisa 1, don mai ƙaramar lamba ruta ke fara ɗauka. Sannan ka kunna ma ta duba ƙofa da ping, wato ɗan saƙon da take aikawa ta ji ko rutar can na amsawa. Duk daƙiƙa 10 za ta taɓa ta Zariya, in ta taɓa sau biyu shiru, ta sauke waccan ta ɗauki ta kasuwa. Ruta uku ba su kai a kira musu wani OSPF ba.

Ɗaliba a Ɗan Dikko:
Baba, a gafarce ni, amma gyaran nan rabi ne. An koya wa ta Ali Ɗan Sofo yadda za ta fita. Amsa fa, ta ina za ta dawo? Ta Zariya ma tana da rubutacciyar hanya zuwa Ali Ɗan Sofo, kuma ta cikin anten ɗin da ta faɗi. Sai an rubuta mata ta biyu ita ma, an sa mata ping, a koma ta kasuwa a tabbata ta san hanyar kowa. Ran da yaya ya buɗe wuri na huɗu, duk sai an sake bin su ɗaya bayan ɗaya. Wannan wahalar ce ta sa aka ƙirƙiro ƙa'idojin da rutoci ke gaya wa juna hanya da kansu.

Bagobirin Tsibiri:
Gaskiyarki bisa hanyar dawowa, na tsallake ta. Amma layi shida ne hwa, ba sittin ba.

Bakatsine daga Jibiya:
Ni dai in ta ni ce ka sa RIP ka huta. Ka kunna shi a rauta ukun, ka faɗa masa network ɗinka, shi ke nan. Da shi aka fara koya mana, minti biyar ya isa.

Mai Kula da Zaure:
Bakatsine, nan rezo muke cewa. Kun ce rauta mun ce ruta, mun yafe, amma kar a cika mana zaure da Turancin Ingila.

Bakatsine daga Jibiya:
To rezo Hausar Bayajidda ce? Na dai ji, ranka ya daɗe.

Mai Shayi bakin Tasha:
Ni fa kiliyan ne, tike kawai nake saye. Amma ina karantawa. Mi ne ne RIP, mi ne ne OSPF? Ku yi mana da Hausar kasuwa.

Ɗaliba a Ɗan Dikko:
Kawu mai shayi, ka ɗauka kowace ruta ɗan kamasho ce a tasha. A tsarin RIP, ɗan kamashon Maraɗi bai taɓa zuwa Yamai ba. Abin da ya sani shi ne na Gidan Rumji ya ce masa "Yamai tasha kaza ce daga nan", sai ya ƙara ɗaya a kai ya gaya wa na Tasawa. Duk daƙiƙa 30 kowa na karanta wa maƙwabcinsa duk jerin da ke hannunsa. An ce da an ce kawai.

Aibinsa na farko, tasha yake ƙirgawa, ba ruwansa da kyan hanya. Tasha biyu cikin rairayi sun fi masa tasha uku bisa gudron. Na biyu, ƙirgarsa ta tsaya a 15, in an ce 16 ana nufin babu hanya. Na uku shi ne wanda zai ciji yaya: in maƙwabci ya yi shiru, sai an jira daƙiƙa 180 kafin a yarda hanyar ta mutu. Minti uku, an sa ƙwallo a raga an gama murna. Kuma da yake ji-ta-ji-ta ce, yakan faru wani ya ce "ni ina da hanya" alhali daga bakin wanda hanyar ta mutu a hannunsa ya ji ta tun farko, su yi ta miƙa wa juna kaya suna ƙara ƙirga har su kai 16. An yi masa dabaru na rage wannan, kamar hana ruta mayar wa maƙwabci labarin da ta ji daga gare shi, amma ba su kashe cutar duka ba. Takardarsa ta farko ta fito a 1988.

OSPF ba ya aiki da ji-ta-ji-ta. Kowace ruta tana shelanta abin da ta gani da idonta kaɗai: ga maƙwabtana, ga farashin zuwa wurin kowannensu. Shelar ta zagaya ga kowa ba a taɓa ta ba, sai kowace ruta ta zana taswirar garin duka a kanta, ta lissafa hanya mafi araha da kanta. Lissafin na wani Baholande ne, Edsger Dijkstra. A 1956 ya tsara shi yana zaune wurin shan kofi a Amsterdam, a 1959 ya wallafa.

Mai Shayi bakin Tasha:
To ashe wurin masu shayi ake samun ilimi. Ku riƙa zuwa.

Bakatsine daga Jibiya:
Duk na yarda. Amma shi fa ruta uku gare shi, ina shi ina 15? Kuma tasha biyu da tasha ɗaya ne kawai zaɓinsa. RIP zai zaɓi daidai.

Ɗaliba a Ɗan Dikko:
Zai zaɓi daidai bayan minti uku. OSPF na gaida maƙwabci duk daƙiƙa 10, in ya yi 40 bai ji amsa ba ya yanke. Kuma gaisuwar ta cikin iska take bi har rutar can, ba ta tsayawa gindin anten. Wahalar kunna su kusan ɗaya ce a rezo ƙarami: OSPF na raba babban rezo yanki-yanki, amma na yaya yanki guda ne, yanki na 0. Don mi za a sayi jaki da kuɗin doki?

Bagobirin Tsibiri:
Bari in ba ku labari, ku da kuke da takarda. Shekarun baya anka kira ni wani ofis can wajen Dakwaro, ba ni faɗin sunansa. Wani yaro mai ƙwazo ya haɗa musu ruta biyar da OSPF, aiki tsaf. Ya samu aiki Agadas ya tafi. Wata rana tsawa ta kashe guda, sunka sayo sabuwa, wani ya kwafe saitin maƙwabciyarta ya zuba ma ta don sauƙi. Ruta biyu, lambar shaida guda. Rezo shi zo shi tafi kamar zazzaɓin damina. Kwana huɗu suna canza waya, suna zagin mai ba su intanet, har anka yi batun a kira malami shi tofa. Da na zo ni ma sai da na yini kafin in gano.

Da hanyoyin hannu ne, ko ɗan sakandare ya buɗe jadawali zai karanta: wannan ta nan, wannan ta can. Abin da nike tambaya kullum kafin in sa ma mutum wani abu shi ne, ran da ya lalace cikin dare kuma ba ni gari, wa zai gyara? Mai wifi ya ce yana Tasawa. Wa ya bari a gida?

Mai Wifi na Zariya:
Ƙanena ne, Baba. Ya iya buga tike da kashe ruta ya kunna. Nan iliminsa ya tsaya.

Bazabarma a Yamai:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karatu ban sa baki ba, amma tun da Bagobiri ya fara wa'azi dole a zo a taimaki jama'a.

Ƙanen da bai wuce kashewa da kunnawa ba, ba zai gyara OSPF ba, ba zai gyara hanyar hannu ba. Saboda haka wannan hujjar ba ta raba gardama. Abin da ya rage shi ne wanne zai fi tashi da kansa ba a taɓa shi ba, kuma a nan ina bayan ɗalibar. Labarin Dakwaro laifin kwafe ne, a rubuta lambar kowace ruta a takarda a manna jikin akwatinta.

Sai dai akwai abin da ba a faɗa ba, kuma shi ke cin masu anten. OSPF ba ya auna lafiyar hanya. Farashin da yake lissafi da shi lamba ce da aka ɗora wa ƙofa. A na'urorin Cisco ana raba mega 100 da saurin ƙofar, shi ya sa ƙofa mai mega 100 da mai mega 1000 duk farashinsu 1 in ba a gyara ma'aunin ba. A MikroTik kowace ƙofa da farashi iri ɗaya take zuwa, kai za ka canza da hannu. Ko ta wace hanya, saurin waya ya sani, bai san abin da ke tsakanin rufi da rufi ba. In anten ta karkace kaɗan, rabin kaya na zubewa a hanya, gaisuwa ƴar ƙarama ce, guda cikin huɗu ta tsallake ya isa ya ce maƙwabci na raye. Kiliyanka na kuka, shi yana cewa lafiya lau.

Ka sa OSPF, ka gaya masa kowace mahaɗa tsakanin ruta biyu ce kaɗai, ka ɗora farashi da kanka gwargwadon ƙarfin kowace anten, ka sa kalmar sirri tsakanin rutocin. Ƙofar da kiliya ke shiga kuma ka hana shi gaisuwa ta nan, kar wani yaro mai wayo ya zo da tasa rutar ya ce shi ne hanyar fita.

Bagobirin Tsibiri:
Ji Bazabarma na koya ma Hausawa hanya. Ku da in kun zo Maraɗi sai an riƙe muku hannu daga tasha zuwa kasuwa. Amma batun anten mai rabin rai, wannan gaskiya ne, kuma ping ɗina ma ba shi kama ta.

Bazabarma a Yamai:
Ubangidanka ce ke magana, Bagobiri, ka gyara zama.

Mai Wifi na Zariya:
Na gode Hajiya Bazabarma. Tun da an zo nan, ina da niyyar ƙara Starlink a kasuwa don in layin Zariya ya yanke. Wani ya ce mini mai layi biyu sai da BGP. Haka ne?

Bakatsine daga Jibiya:
Ai shi ne babban yaya. Duk intanet ɗin duniya a kansa take tafiya.

Bazabarma a Yamai:
A kansa take tafiya, amma ba rigar mai wifi ba ce. RIP da OSPF na cikin gida ne, inda duk rutocin na mutum guda ne kuma burinsu ɗaya. BGP na tsakanin gidaje ne, kamfani da kamfani, kowa da lambarsa da son ransa. Kafin ka shiga sai ka sami lambar AS, wato lambar shaidar kamfani a BGP, da adireshin kanka daga AFRINIC, hukumar da ke raba su a Afirka, ofishinta yana tsibirin Moris. Mafi ƙarancin abin da duniya ke karɓa shi ne ƙunshin adireshi 256. Sannan masu ba ka layi su yarda su yi zaman BGP da kai, abin da ba a yi wa mai layin gida. In ka ce jadawalin duniya duka kake so, hanyoyin IPv4, tsarin adireshin intanet da aka saba da shi, sun haura 900,000, ƴar rutarka za ta shaƙe.

Kai abin da kake buƙata: ta Zariya da ta kasuwa kowace ta shelanta hanyar fita cikin OSPF, guda da araha guda da tsada. Ka ɗaura shelar ga ping zuwa wani adireshi na can waje, ba ƙofar mai ba ka layi ba, don sau da yawa ƙofarsa na amsawa alhali bayanta duhu ne. Ka ga a nan dabarar Bagobiri ta yi rana.

Ɗaliba a Ɗan Dikko:
Abin da ya ba ni mamaki da muka karanta BGP shi ne ba gajeriyar hanya ce a gabansa ba. Kafin ya duba yawan kamfanonin da za a ratsa, sai ya duba wadda mai gida ya fifita. Kamar kayan ƴan kasuwarmu ne: ta Kwatano da Gaya ta fi kusa, amma tun 2023 manyan motoci ta Lome da Burkina suke zagayowa. Ba direba ne bai san taswira ba.

Mai Kula da Zaure:
Misali ya yi, a tsaya nan. Ba mu siyasa a zauren nan.

Bagobirin Tsibiri:
Kuma ginshiƙinsa yarda ce. A 1989 mutum biyu, Kirk Lougheed na Cisco da Yakov Rekhter na IBM, sunka zana shi bisa takardun goge hannu wurin cin abinci. Lokacin kowa ya san kowa. In ka ce "adireshin wane ta wurina ake zuwa", sai a yarda. Ran 24 ga Fabrairu 2008 kamfanin sadarwar Pakistan ya so toshe YouTube cikin ƙasarsa, shelar ta ɓulle waje, duniya ta yi ta kai musu kayan YouTube kusan awa biyu. Bakatsine, naku ma sun taɓa: Nuwamba 2018 MainOne na Legas ya saki hanyoyin Google bisa kuskure, kaya sunka bi ta Sin da Rasha sama da awa guda.

Bakatsine daga Jibiya:
Sun fito sun amsa kuskure ne ai, Baba. Facebook fa? Ran 4 ga Oktoba 2021 da hannunsu suka janye hanyoyinsu, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɓace kusan awa shida. A Jibiya mutane sai kashe waya suke suna kunnawa, wasu har sun sake sayen data.

Bazabarma a Yamai:
Yanzu akwai RPKI, mai adireshi na sa hannu cewa lambar AS kaza ce kaɗai ke da izinin shelanta shi. Yana tare irin na Pakistan in kamfanoni sun kunna tacewa. Bai tare komi da komi ba. Kuma BGP ba ya haƙa rami ya shimfiɗa waya: ran 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, wanda ke da wata hanya ya zagaya, wanda duk layukansa ta teku guda suke ya zauna.

Mai Shayi bakin Tasha:
Ni dai tambayata guda: tiken da ya ƙone daren Talata, za a biya?

Mai Wifi na Zariya:
Kawu ka zo ka amshi na kwana guda kyauta.

Jama'a ga rahoto bayan mako. Na sa OSPF. Daren farko rutocin sun ƙi ganin juna, na kusa mayar da komi yadda yake. Ɗalibar nan ce ta ce in duba katangar wuta, matatar da ke hana saƙon da ba a yarda da shi ba shiga ruta, ashe tana tare gaisuwar. Saƙon OSPF ba TCP ba ne ba UDP ba, wato nau'o'in saƙon da aka saba da su, nau'insa daban ne mai lamba 89, ni kuwa na toshe duk abin da ban sani ba tun shekarar da na kafa. Da na buɗe, biyu sun gaisa nan take. Ta kasuwa ta ƙi, sai na tarar wajen gwaje-gwaje na mayar da gaisuwarta daƙiƙa 5, sauran na 10. In lokutan ba su zo ɗaya ba ko kallon juna ba su yi.

Na gwada kamar yadda abin ya faru: na bar waya a jone, na kashe rediyon anten daga ciki. Ƙanena na Ali Ɗan Sofo da waya a kunne yana ƙirga. Bai kai arba'in ba bidiyo ya ci gaba, ta kasuwa. Na kunna, ta komo da kanta.

Amma jiya da hadarin nan abin da Hajiya ta faɗa ya faru. Ƙarfen na rawa cikin iska, sigina na hawa na sauka, OSPF bai yanke ba, kiliya kuwa ko saƙon murya ba ya tafiya. Da hannuna na ɗaga farashin ƙofar kafin ta zagaya.

Bazabarma a Yamai:
BFD zai rage maka. Yana taɓa maƙwabci sau da yawa cikin daƙiƙa guda, in ƴan kaɗan sun ɓace a jere ya gaya wa OSPF ya yanke. Amma kar ka matse shi sosai bisa anten, in ba haka ba hanya za ta yi ta tashi tana faɗuwa duk dare, wannan ya fi yankewa ciwo. Duba sigar RouterOS ɗinka tukuna, wato manhajar da ke cikin MikroTik, ba kowace ke da shi ba.

Bagobirin Tsibiri:
Kafin BFD, ƙarfen nan mita nawa ne, kuma waya nawa ta ɗaure shi?

Mai Wifi na Zariya:
Mita tara. Waya biyu, guda ta ɗan saki.

Bagobirin Tsibiri:
Uku ake sawa, a hawa biyu, a ja su har su yi kuka in ka taɓa. Jibi ina shigowa gari sayen batir. Ka nemo mai walda da tsani, ka sayi wayar ƙarfe mita sittin, kar ka sayi ta shanya. Bayan la'asar, in hadari bai haɗo ba.